Kuɗin da Aka Buga Don a Ajiye

Mu da muka tashi a gidajen da ke da tsofaffi, da wuya a ce ba mu taɓa cin karo da wani tsohon kuɗi a ƙasan kwalla ko cikin adudu ba. Wani lokaci anini ne mai huda a tsakiya, wani lokaci sule mai kan sarkin Ingila. Wanda ya yi sa'a kuwa sai ya ci karo da liyari, wato faffaɗan kuɗin azurfa mai hoton wata ƙosasshiyar mace, an rubuta 1780 a bayansa. Nan take sai zuciya ta fara lissafi: abin da ya haura shekara 240 a duniya, ai ba ƙaramin kuɗi zai yi ba.

A nan ne yawancinmu muke faɗawa rami. Matar da ke jikin liyari ita ce Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. 'Yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da yankinmu sun amince da kuɗin nata har ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar, ba a ƙara ko ɗaya ba. An buga shi a Biyana, daga baya a Landan da Faris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe Ostiriya na buga shi. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ana canjin guda ɗaya a kan wuri kamar 2,500. Saboda haka liyarin kakarmu zai iya kasancewa ya keto Sahara a kan raƙumi, zai kuma iya kasancewa sa'an mahaifinmu ne.

Shi liyari don ciniki aka yi shi, daga baya mata suka mayar da shi ado da ajiya. Sabon abin da ƙarni na 20 ya kawo shi ne kuɗin da tun daga maƙera ba a nufi a kashe shi ba.

Labarin ya faro ne daga Afirka ta Kudu. A wajejen 1970 ƙasar na haƙo tan 1,000 na zinari a shekara, fiye da duk sauran ƙasashen duniya a haɗe, kuma masu ma'adinai na neman hanyar sayar wa mutum ɗaya ɗaya, ba bankuna kaɗai ba. A 1967 aka fito da Krugerrand. A fuskarsa akwai Paul Kruger, tsohon shugaban jamhuriyar Turawan Boer, a bayansa kuma wata barewa ta ƙasar. Nauyinsa giram 33.93 ne, a ciki akwai tsantsar zinari oza ɗaya, wato giram 31.1, ragowar kuma jan ƙarfe ne da aka zuba don kada ya yi saurin kojewa, shi ya sa launinsa ke da ɗan ja-ja. Dabarar da ta fi komai ita ce ba a rubuta masa ƙima ba. Doka ta amince kuɗi ne, amma darajarsa ita ce farashin zinari a ranar. Mai shi ba ya bukatar sikeli ko dutsen gwaji, ya duba jarida kawai ya san abin da ke aljihunsa.

Zamani kuma ya taya shi. Tun 1933 Shugaba Roosevelt ya umarci Amurkawa su miƙa wa gwamnati zinarinsu a kan dala 20.67 kowace oza, shekara ta zagayo aka ɗaga farashin zuwa dala 35, ya tsaya nan shekara da shekaru. A 1971 Shugaba Nixon ya raba dala da zinari, a ƙarshen 1974 aka sake halatta wa Amurkawa mallakarsa. Kaya na ta tsada, mutane na neman inda za su ɓoye guminsu, ga kuma Krugerrand a kan kanta. Zuwa 1980 shi ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar sulallan zinari ta duniya, har aka fito da ƙanana na rabin oza da kwata da ushiri don masu ƙaramin ƙarfi.

Ba za mu wuce nan ba tare da faɗin wanda ya haƙo zinarin ba. Baƙaƙen fata ne, da yawansu 'yan ci-rani daga Lesotho da Mozambik da Malawi, suna shiga ramuka masu zurfin kilomitoci a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Masu adawa da wannan mulki suka sa sulen a gaba, har a 1985 Amurka ta hana shigo da shi. Sauran ƙasashe ba su yi sanya ba wajen cike gurbin: Kanada ta riga ta fito da nata mai ganye a 1979, Sin ta fito da mai hoton dabbar fanda a 1982, Amurka ta fito da mai mikiya a 1986, Ingila ta biyo baya a 1987. Yawancin abin da ake kira tara sulallan zamani a yau daga wannan gasa ya tsiro.

Wanda ya saya a ganiyar abin fa? A Janairun 1980 oza ta kai dala 850. A 1999 ta dawo wajen dala 250, kuma sai a 2008 ta sake taka inda ta baro. Shekara 28 ke nan mutum na riƙe da abin da ba ya haihuwa, ba ya ba da haya. Azurfa ta fi muni: wasu attajirai 'yan'uwan juna daga Texas, iyalan Hunt, sun yi ta saye har oza ta kusa dala 50 a farkon 1980, kafin ƙarshen Maris na shekarar ta rikito zuwa wajen dala 11. Muna yawan cewa gwal ba ya faɗuwa, amma sau da yawa abin da muke gani naira ce ke faɗuwa a gabansa.

Akwai kuma farashi na biyu, wanda ba ruwansa da sikeli. A 1933 Amurka ta buga sulen zinari na dala 20 guda 445,500, amma umarnin Roosevelt ya riske su kafin a fitar, aka narkar da su, ban da biyu da aka kai gidan tarihi da wasu 'yan kaɗan da suka sulale ta bayan gida. Ɗaya ya faɗa hannun Sarki Faruƙ na Masar a 1944, da takardar izinin fitarwa da aka ba shi bisa kuskure. Bayan an hamɓarar da shi aka sa kayansa a gwanjo a Alƙahira a 1954, sulen ya yi ɓatan dabo. A 1996 wanda ake kyautata zaton shi ne ya ɓullo a hannun wani dillali ɗan Ingila. Bayan doguwar shari'a aka sayar da shi dala miliyan 7.59 a 2002, a 2021 kuma dala miliyan 18.9. Zinarin da ke jikinsa bai cika oza ɗaya ba.

Irin wannan labari ne masu talla ke kaɗa wa mai saye. Gidajen buga kuɗi sun gane cewa ƙaranci na sayar da kaya, sai suka shiga ƙirƙirar sa: a buga guda kaɗan don tunawa da wani biki, a saka a akwati mai kyau da takardar shaida, a ɗora riba mai kauri a kan kuɗin ƙarfen. Tun daga 1986 kuma aka samu kamfanoni a Amurka masu duba sule su ba shi maki daga 1 zuwa 70, su rufe shi a cikin roba. Mai maki 70 kan ninka mai 69 a farashi, alhali ido ba ya raba su sai da madubin ƙara girma. A ganinmu ƙarancin da aka tsara a ofis ba ɗaya yake da wanda tarihi ya haifar ba. Sulen Faruƙ babu wanda ya yi niyyar ya zama ɗaya tilo. Na cikin akwati kuwa duk wanda ya saya ya adana shi tsaf, don haka ba ya ƙara wuya, kuma ranar sayarwa dillali yakan ture akwatin gefe ya ɗauko sikeli.

Matanmu sun san wannan tun kafin mu karanta shi. Wadda ta sayi sarƙa da ɗan kunne ta biya kuɗin gwal da ladan ƙira, idan ta dawo sayarwa kuma giram kawai ake ƙirgawa. Mai sha'awar tarihi da ya sayi liyari don ya riƙa juya shi yana tuna fataken Gadamas, ya riga ya ci ribarsa. Wanda ya saya don ajiya kuwa, abin da zai tarar a wurin maƙerin fari shi ne giram 28, kuma a cikinsu tsantsar azurfa ta ɗan haura giram 23.