Jacob Davis

Jacob Davis (1831–1908) tela ne haifaffen birnin Riga, wanda ya koma Amurka a shekarar 1854. A shagonsa da ke Reno, jihar Nevada, ya fara ƙarfafa bakin aljihun wandon leburori da ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe don kada ya yage. Ranar 20 ga Mayu, 1873, shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka samu takardar mallakar wannan fasaha. Wannan ne asalin wandon jins, wanda ake rinawa da shuni irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. A shekarun 1950, taurarin fim irin su James Dean suka mayar da wandon abin kwalliyar matasa.