Malaman Musulunci na Ƙasar Sin da Karatun Konfushiyus: Tarihin Wani Manhaji da Darasinsa ga Jami'o'inmu

Gabatarwa

 

Duk wanda ya taɓa koyar da darasin kwatanta addinai a jami'o'inmu ya san yadda ake raba makonnin zangon karatu. Yahudanci da Kiristanci su ke cinye mafi yawan lokaci, addinan Indiya su sami mako ɗaya ko biyu, sa'an nan a tattara addinan gabashin Asiya baki ɗaya a lacca guda, galibi ana dab da jarrabawa. Haka aka koyar da ni, kuma haka na fara koyarwa. Abin da na karanta game da Konfushiyus har na kammala digiri na uku bai wuce 'yan shafuka ba, daga littattafan Larabci na zamani waɗanda su ma daga fassarar Turawa suka ciro. Ɗalibi yakan fita daga aji da hukunci a bakinsa, alhali bai taɓa karanta shafi ɗaya na abin da yake yi wa hukuncin ba.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wasu malaman Musulunci na ƙasar Sin waɗanda suka karanci Konfushiyanci daga tushensa, suka rubuta aƙida da fiƙihu da harshensa, domin a ga abin da manhajinsu zai amfanar da mai koyar da wannan fanni a yau.

Konfushiyus da littattafansa

An haifi Kongzi, wanda duniya ta fi sani da Konfushiyus, a shekara ta 551 kafin miladiyya a masarautar Lu, cikin lardin Shandong na yau, ya rasu a 479. Malami ne mai koyar da tarbiyya da ladubban mulki. Almajiransa ne suka tattara zantukansa a littafin Lunyu. Koyarwarsa ta ginu ne a kan tausayin ɗan'adam, da kiyaye ladubba da al'adun gargajiya, da biyayya ga iyaye, da adalcin mai mulki. Bai yi da'awar wahayi ba, kuma bai tsawaita magana a kan gaibu ba.

Bayan ƙarnoni masu yawa, Zhu Xi (1130–1200) ya haɗa littattafai huɗu, cikinsu har da Lunyu da littafin Mengzi, ya yi musu sharhi, ya kuma shimfiɗa bayani a kan asalin halitta da ɗabi'ar mutum. Daga 1313 sharhinsa ya zama ma'aunin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan daula, haka kuma aka ci gaba har aka soke jarrabawar a 1905. Ma'anar wannan ita ce, kusan shekara ɗari shida, duk mai ilimi a ƙasar Sin da waɗannan littattafai yake tunani, ko da kuwa Musulmi ne.

Abin da magabata suka sani

Malaman Musulunci sun daɗe da rubutu a kan addinan al'ummomi. Biruni ya koyi harshen Sanskrit kafin ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, ya kuma bayyana cewa manufarsa kawo maganar mutanen yadda take. Shahrastani, wanda ya rasu a 548 bayan hijira, ya ambaci mabiya Buddha a Al-Milal wan-Nihal. Amma labarin Sin ya zo musu ne ta bakin fatake da matafiya. Littafin Akhbarus Sin wal Hind na shekara ta 237 bayan hijira labarin 'yan kasuwa ne. Ibnun Nadim kuwa, a Al-Fihrist, ya ɗauko bayanin addinan Sin daga wani limamin Kirista mutumin Najran da ya haɗu da shi a Bagadaza a 377, bayan dawowarsa daga can. Nisa da bambancin rubutu sun hana a sami wanda zai yi wa Sin irin abin da Biruni ya yi wa Indiya. Maganar nan da ta shahara a kan neman ilimi har ƙasar Sin ma, wadda malaman hadisi ba su inganta ta ba, Ibnul Jauzi kuma ya sanya ta cikin Al-Maudu'at, tana nuna yadda aka ɗauki ƙasar a matsayin ƙarshen duniya.

Giɓin ya jira har Musulmin Sin da kansu suka cike shi.

Daga zauren masallaci zuwa Han Kitab

A zamanin daular Ming (1368–1644) jikokin Larabawa da Farisawa da mutanen tsakiyar Asiya da suka zauna a Sin sun koma magana da Sinanci, Larabci da Farisanci suka yi rauni a tsakaninsu. Wani malami daga lardin Shaanxi, Hu Dengzhou (1522–1597), ya ga haɗarin da ke tafe, sai ya tsara karatu a masallatai, inda almajirai ke zama a gaban malami suna bin littattafai ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin abin da aka saba karantawa akwai Tafsirin Baidawi, da Aƙa'idun Nasafi, da Sharhul Wiƙaya a fiƙihun Hanafiyya, da Gulistan na Sa'adi, da Mirsadul Ibad na Najmuddin Razi. Almajiran sukan rubuta bayanin malami da Sinanci cikin haruffan Larabci, wanda ake kira Xiao'erjing. Bahaushen da ya san ajami ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Sai dai wannan bai warware matsalar waɗanda suka yi karatun daula ba, masu tunani da harshen Zhu Xi. Domin su, da kuma masana waɗanda ba Musulmi ba, aka fara rubuta littattafan da daga baya aka kira Han Kitab, suna mai haɗa kalmar Sinanci da ta Larabci. Na farko da ya shahara shi ne Wang Daiyu na birnin Nanjing, wanda aka buga littafinsa Zhengjiao Zhenquan, wato ingantaccen bayani a kan addinin gaskiya, a 1642. Bayansa Ma Zhu na lardin Yunnan ya rubuta Qingzhen Zhinan, jagora zuwa ga Musulunci.

Wanda ya kai wannan aiki ƙololuwa shi ne Liu Zhi, shi ma mutumin Nanjing. Ya ba da labarin karatunsa da kansa: shekara takwas a littattafan Konfushiyanci, shida a littattafan Musulunci, uku a na Buddha, ɗaya a na Dao. Bayan haka ya rubuta Tianfang Xingli a 1704 a kan asalin halitta da ɗabi'ar ɗan'adam, sai Tianfang Dianli a kan ibada da mu'amala, sai tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya kammala a 1724. Ya jera sunayen littattafan Larabci da Farisanci da ya dogara da su, cikinsu har da Lawa'ih da Ashi'atul Lama'at na Abdurrahman Jami.

Inda aka yarda da inda aka tsaya

Babban aikin waɗannan malamai shi ne zaɓen kalma. Da wane suna za a kira Allah a harshen da kalmar Tian take nufin sama, take kuma nufin ikon da ke bisa komai? Sun zaɓi Zhenzhu, wato Ubangiji na gaskiya, kuma har yau Musulmin Sin da ita suke amfani. Wang Daiyu ya ɗauki kalmar Taiji, wadda masanan Konfushiyanci suke ɗauka mafarin dukkan abubuwa, ya ajiye ta a ƙarƙashin abin da ya kira Zhenyi, Ɗaya na haƙiƙa, domin ya nuna cewa mafarin halitta ma yana da Mai ƙagarsa. Ya yarda da biyayya ga sarki da iyaye, amma ya sanya biyayya ga Ubangiji a matsayin saiwar da sauran suke tsirowa daga gare ta. Ya kuma yi raddi mai ƙarfi ga mabiya Buddha da na Dao.

Liu Zhi ya jera shika-shikan Musulunci biyar, ya bi su da alaƙoƙi biyar da Konfushiyanci ya gina zamantakewa a kansu: miji da mata, uba da ɗa, sarki da bafade, wa da ƙane, aboki da aboki. Ya cika kowace da hukunce-hukuncen shari'a. Ya kuma kira Annabi da laƙabin Zhisheng, mafificin mai hikima, wanda mutanen Sin suka keɓe wa Konfushiyus. Wannan fassara ce, kuma da'awa ce a lokaci guda.

A daidai wannan zamani Kiristoci ma suna fama da irin wannan tambaya. Limaman Jizwit, mabiya tafarkin Matteo Ricci wanda ya rasu a Beijing a 1610, sun halatta wa sababbin Kiristoci girmama kakanni da Konfushiyus. Fadar Paparoma ta hana a 1704 da 1715, ta rufe maganar a 1742. Musulmin Sin ba su da wata fada da za ta yanke musu hukunci, saboda haka muhawararsu ta gudana ne a tsakanin malamai.

Aikin bai kasance ba tare da haɗari ba. A 1782, shekara guda bayan tawayen wasu Musulmi a lardin Gansu, an kama wani almajiri mai suna Hai Furun a Guilin ɗauke da littattafai, cikinsu har da tarihin Annabi na Liu Zhi. Gwamnan lardin ya ɗauke su littattafan tayar da fitina. Sarki Qianlong ya duba batun, ya ce babu laifi a cikinsu, ya hana a tsananta. Rubutu da harshen da masu mulki ke fahimta ya zama garkuwa ga al'umma a ranar da ta buƙace shi.

Suka ta zo daga cikin gida kuma. Ma Wanfu (1849–1934), bayan dawowarsa daga Makka, ya kafa ƙungiyar Yihewani, wato Ikhwan, yana kira da a koma ga nassin Larabci a bar al'adun Sin da suka cuɗanya da addini, musamman a sha'anin makoki. Tambayar da ya tayar tana da nauyi: idan ka ari kalmar wani, ina tabbacin ba ka aro ma'anarsa tare da ita ba? Malamin da zai koyar da Han Kitab ya wajaba ya kawo wannan suka da adalci.

Daga Azhar zuwa jami'o'in zamani

A Turai karatun Sin ya shiga jami'a ne ta hannun masana harshe da 'yan mishan. An buga fassarar Latin ta wasu littattafan Konfushiyanci a Faris a 1687, aka buɗe kujerar nazarin Sin a Faransa a 1814, James Legge kuma ya zama farfesan Sinanci na farko a Oxford a 1876. Daga wannan rijiya yawancin littattafanmu na zamani suka ɗebo.

Amma akwai wata rijiya mafi kusa da mu. Ma Jian (1906–1978), wanda Larabawa suka sani da Muhammad Makin, ɗan garin Shadian ne a Yunnan. Ya tafi Azhar a 1931 cikin rukunin farko na ɗaliban Sin. A 1935 aka buga fassararsa ta Lunyu zuwa Larabci a Alƙahira da sunan Kitabul Hiwar, kai tsaye daga Sinanci. Shi ne kuma ya mayar da Risalatut Tauhid ta Muhammad Abduh zuwa Sinanci. Daga 1946 ya koyar da Larabci a Jami'ar Beijing, fassararsa ta ma'anonin Alƙur'ani ta fito cikakkiya a 1981, daga baya Cibiyar Sarki Fahad ta Madina ta ɗauke ta tana bugawa. Mutum ɗaya ne ya kai Konfushiyus ga mai karatun Larabci, ya kai ma'anonin Alƙur'ani ga mai karatun Sinanci.

A ƙarshen ƙarni na 20 bincike ya sake farfaɗowa. An yi taron ƙara wa juna sani a kan Musulunci da Konfushiyanci a Jami'ar Malaya a 1995. Sachiko Murata ta fassara wasu rubuce-rubucen Wang Daiyu da Liu Zhi zuwa Turanci a 2000, sa'an nan a 2009 ta fitar da nazarin Tianfang Xingli tare da William Chittick da Tu Weiming. Zvi Ben-Dor Benite kuma ya buga tarihin silsilar waɗannan malamai a 2005.

Kammalawa

Wannan tarihi yana ba mai koyarwa abubuwa uku. Na farko, a fara da nassi kafin hukunci. Ɗalibinmu mai Larabci yana iya karanta Lunyu a fassarar Musulmi ɗan Azhar, kuma littafin ba shi da tsawo. Na biyu, a koya wa ɗalibi rarrabe ɓangarori: tarbiyya da siyasa dabam, falsafar Zhu Xi dabam, yanka da ƙona turare ga kakanni dabam. Kowanne da hukuncinsa a ma'aunin shari'a. Ko tambayar cewa Konfushiyanci addini ne tana da amsa fiye da ɗaya: gwamnatin Sin ba ta ƙirga shi cikin addinai biyar da ta amince da su, alhali Indunusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, ta mayar masa da 'yancinsa a 2000 zamanin Shugaba Abdurrahman Wahid, yau kuma yana cikin addinai shida da take lissafawa. Na uku, a tsaya inda dalili ya tsaya. Aya ta 36 a Suratun Nahli da ta 78 a Suratu Gafir sun nuna an aika manzanni ga al'ummomi, kuma ba duka aka ba mu labarinsu ba. Wannan bai ba mu damar tabbatar wa wani mutum annabci da sunansa ba tare da nassi ba.

Buƙatar kuwa ta riga ta iso ƙofarmu. 'Yan kasuwarmu suna zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, ɗalibanmu suna karatu a jami'o'in Sin, kuma za su dawo da tambayoyi. Idan sashen nazarin addini bai shirya amsa daga tushe ba, za su nema a wani wuri. Liu Zhi ya ba da shekara takwas kafin ya yi magana a kan littattafan maƙwabtansa. Ba zai yi yawa ba idan muka ba su makonni uku a zango, muka kuma tura ko da ɗalibi ɗaya ya koyi Sinanci domin wannan fanni. Allah ne Mafi sani.