Hali zanen dutse ne? Tarihin yara 500 na birnin Boston

1/ Akwai wani bincike da aka fara a Amurka wajen 1940, ba a ji ƙarshen labarinsa ba sai 2003. Tambaya ɗaya aka yi ta bi: yaron da ya fara sata da faɗa tun yana ɗan shekara 12, shi ke nan ya lalace har tsufa? Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Mu ɗan koma baya. A 1831 wani masanin lissafi ɗan Beljiyom, Adolphe Quetelet, ya duba alƙaluman kotunan Faransa. Ya ga aikata laifi yana hawa da ƙuruciya, ya kai ƙololuwa a samartaka, sannan ya yi ta sauka. Amma wa ke dainawa, kuma me ke sa shi dainawa? Alƙaluman ba su faɗa ba.

3/ Bayan shekara ɗari da ɗoriya, wasu mata da miji a Jami'ar Harvard, Sheldon da Eleanor Glueck, suka ɗauki yara maza 500 daga gidajen horon kangararru na jihar Massachusetts, masu shekara 10 zuwa 17. Suka jera su da wasu 500 daga unguwannin talakawan Boston waɗanda ba su da matsala da hukuma.

4/ Ba aikin wasa suka yi ba fa. Sun yi hira da yaran, da iyayensu, da malamansu. Likitoci sun duba su, an karanta takardun kotu, har surar jikinsu aka auna. A 1950 suka fitar da sakamako: babban bambancin yana cikin gida. Wa ke sa ido a kan yaro, yaya ake horonsa, akwai shaƙuwa ko babu.

5/ Daga nan suka ƙirƙiro wani ma'auni da suka ce zai iya nuna yaron da zai kangare tun yana shiga firamare. Ku tsaya ku yi tunani: ɗan shekara 6, bai ɗauki ko allura ba, an riga an sa masa alama. Masana zamantakewa, irin su Edwin Sutherland, dama sun daɗe suna sukar aikin ma'auratan.

6/ Duk da haka sun ci gaba da bin yaran, a shekara 25 da kuma 32. Eleanor ta rasu a 1972, Sheldon a 1980. Takardun suka ƙare cikin kwalaye a ɗakin ƙasa na laburaren tsangayar shari'a ta Harvard, ƙura na cin su.

7/ Cikin shekarun 1980 John Laub ya tono kwalayen. Shi da Robert Sampson suka shafe shekaru suna juye bayanan cikin kwamfuta. Ana cikin haka, a 1990, Gottfredson da Hirschi suka fito da nasu ra'ayin: tushen laifi rashin kamun kai ne, kuma yana kafuwa wajen shekara 8 zuwa 10. Wato dai hali zanen dutse.

8/ A 1993 amsoshi biyu suka fito. Ta farko daga Terrie Moffitt, wadda ke aiki da bayanan yara 1,037 da aka haifa a Dunedin ta New Zealand a 1972 zuwa 1973. Ta ce masu laifi kashi biyu ne: 'yan tsiraru da ke farawa tun suna ƙanana su ɗore, da mafi yawa da ke yi a samartaka kawai.

9/ Me ke tura kashi na biyun? Ta ce jiki ya balaga, amma al'umma ba ta ba shi matsayin babba ba: ba aiki, ba kuɗi, ba ta cewa. Sai ya kwaikwayi tantiran unguwa. In girma ya zo ya watsar, sai dai in wani tarko ya riƙe shi, kamar ƙwaya, kurkuku ko barin makaranta.

10/ Ta biyu daga Sampson da Laub. Sun yarda ƙuruciya na da tasiri, amma suka ce hanya na iya juyawa bayan an girma. Cikin mutanen Glueck, waɗanda suka samu aiki mai ɗorewa, ko aure mai daɗi, ko suka shiga soja suka samu horon sana'a, sun fi saurin barin laifi.

11/ Kar wani ya ce "ai dama mun faɗa, a yi masa aure zai natsu". Ba ɗaurin auren ne maganin ba. Abin da ya yi aiki shi ne auren ya raba mutum da tsofaffin abokai, ya canja masa inda yake kwana da yadda yake cin lokacinsa, ya ba shi abin da yake tsoron rasawa. Auren da babu shaƙuwa bai yi wannan ba.

12/ Ga kuma ɗaya gefen. Waɗanda suka daɗe a tsare sun fi shan wahalar samun aiki tsayayye bayan sun fito, rashin aikin kuma ya mai da su ruwa. Kun ga hukuncin da aka yi don gyara shi ne ya toshe ƙofar gyaran.

13/ Ba su tsaya nan ba. Sun bi sawun kangararrun nan 500 har zuwa shekara 70. Kusan rabinsu sun riga sun mutu. Sun samu 52 sun zauna da su, kowa ya ba da tarihin rayuwarsa da bakinsa. Littafin ya fito a 2003.

14/ Abin da suka gano: kusan kowa ya daina, har waɗanda suka fi taurin kai, sai dai wani da wuri, wani a makare. Kuma bayanan ƙuruciyarsu, duk yawansu, sun kasa nuna wa zai daina yaushe. Da yawa ma ba su taɓa zama sun yanke shawarar tuba ba. Rayuwa ce ta cika musu hannu, sai suka waiga suka ga sun yi nisa.

15/ A yi adalci dai: dukkansu maza ne, fararen fata, haihuwar shekarun 1920 zuwa farkon 1930. Sun girma lokacin da mai ƙaramin ilimi ke samun aikin masana'anta ya riƙe gida. Masu suka kuma na cewa wataƙila wanda ya riga ya fara natsuwa ne ke samun matar da aikin. Muhawarar na nan har yau.

16/ A 2011 aka ba Sampson da Laub lambar yabo ta Stockholm a fannin nazarin laifuka. Darasin da na ɗauka: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mutum ba icce ba ne. Yaron da unguwa ta yanke wa ƙauna yana ɗan 15, tambayar ita ce wa zai ɗauke shi aiki yana ɗan 25.

Ku kuna ganin me ya fi juya mutum: aiki, aure, ko barin unguwa? Ina jiran ku a ƙasa.