Dune: Yadda Talabijin Ta Mayar wa Littafi Gargaɗinsa

A shekarar 1965 marubucin Amurka Frank Herbert ya fitar da Dune, ƙagaggen labarin kimiyya da kamfanonin ɗab'i sama da ashirin suka ƙi karɓa, har sai da kamfanin Chilton, wanda aka fi sani da littattafan gyaran mota, ya yi kasadar buga shi. Littafin ya lashe kyaututtukan Hugo da Nebula, ya kuma shiga sahun mafiya farin jini a fanninsa.

Labarin yana faruwa ne a Arrakis, duniyar da rairayi ya rufe, inda ruwa ya fi zinariya daraja, kuma a nan kaɗai ake samun sinadarin melange da tafiye-tafiyen sararin samaniya suka dogara a kansa. Saurayi Paul Atreides, bayan an kashe mahaifinsa, ya fake a wajen Fremen, mutanen hamadar, su kuma suka ɗauke shi Mahadin da suke jira. Herbert ya aro kalmomi da yawa daga Larabci, irin su Mahadi da jihadi. Bahaushen Sudan, inda Muhammad Ahmad ya ayyana kansa Mahadi a 1881, ya san nauyin wannan kalma. Sai dai a cikin littafin, wata ƙungiyar mata mai suna Bene Gesserit ce ta shuka wannan tsammani a zukatan Fremen tun ƙarnoni da suka shuɗe, domin amfanin kanta. Gargaɗin Herbert ke nan: al'ummar da ta miƙa hankalinta ga gwarzo guda ta ɗauko wa kanta bala'i.

Wannan gargaɗi shi ne ya salwanta a fim ɗin David Lynch na 1984. An cusa littafi mai ɗaruruwan shafuka cikin minti 137, aka kuma rufe da saukar ruwan sama a Arrakis, abin da babu shi a littafin. Da haka Paul ya zama mai ceto na haƙiƙa, ma'anar labarin ta juye. Fim ɗin bai yi kasuwa ba.

A watan Disamba na 2000 tashar Sci Fi Channel ta nuna Dune a kashi uku, na sama da awa huɗu, wanda John Harrison ya rubuta kuma ya ba da umarni. An ɗauki shirin a birnin Prague, a cikin zauren ɗaukar fim, inda manyan hotunan bango suka tsaya a madadin hamada. Masu kallo da dama sun yi ƙorafin cewa rairayin bai yi kama da na gaske ba, duk da cewa mai ɗaukar hoton, Vittorio Storaro, ya sami kyautar Emmy da wannan aiki.

Abin da shirin ya rasa a ƙawa ya same shi a lokaci. An ga Paul yana zama cikin Fremen yana koyon al'adunsu, an ga mutuwar ɗansa na fari wadda Lynch ya tsallake, an ga yadda baƙin ciki ya ƙeƙasar da zuciyarsa. Harrison ya kuma faɗaɗa rawar Gimbiya Irulan fiye da yadda take a littafin. A 2003 aka biyo da Children of Dune, wanda ya haɗa littafi na biyu da na uku, ya nuna kufan da yaƙin Paul ya bari a baya.

Ko Denis Villeneuve, da ya zo da kuɗi da fasahar zamani, sai da ya raba littafin gida biyu, a 2021 da 2024. Duk mai niyyar mayar da littafin da jama'a ke ƙauna zuwa allo, ya fara tambayar kansa abin da marubucin yake jan kunne a kai, sannan ya ba labarin lokacin da zai isa ya faɗe shi.