Taswirar da Ta Wanke Iyaye Mata daga Zargi

A shekarun 1960, likitocin Birtaniya sun lura da wani abu mai ɗaure kai. Jariran da ake haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya, ko da ƙwaƙwalwar da ba ta cika ba, sun fi yawa a Ailan ta Arewa da garuruwan haƙar kwal na kudancin Wales fiye da kudu maso gabashin Ingila. A kowane yanki kuma, gidajen talakawa ne suka fi shan wannan masifa.

An yi ta lalube. Wasu suka ce gado ne, wasu suka zargi ruwan sha. A 1972 James Renwick ya ɗora laifin kan ruɓaɓɓen dankalin turawa, sai dai matan da suka ƙaurace masa ba su tsira ba.

Richard Smithells, likitan yara a Leeds, ya karkata ga abinci. Ya gano cewa matan da suka haifi irin waɗannan jarirai suna da ƙarancin folik asid, sinadarin da ake samu a ganye da wake. A 1991 wani gwaji a ƙasashe 7 ya tabbatar da hasashensa: ga matan da abin ya taɓa samu, shan sinadarin ya rage maimaituwarsa da kashi 72 cikin ɗari.

Ƙasar Sin ma tana da irin wannan taswira, arewa ta fi kudu. Tsakanin 1993 da 1995 aka raba wa mata ƙwayar tun daga lokacin gwajin aure. A lardin Hebei adadin ya sauko daga jarirai 4.8 cikin dubu zuwa 1.

Muhimmancin lokacin aure shi ne, bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwa yakan rufe cikin kwana 28 na farkon ciki, kafin mace ta tabbatar tana da juna biyu. Shi ya sa Amurka ta wajabta zuba sinadarin a fulawa daga 1998. Birtaniya, inda aka fara binciken, sai 2021 ta yanke wannan shawara.

A wurinmu, inda mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, ƙwayar da ake ba su a asibiti ta makara ga wannan nakasa. Kafin a tsangwami uwa ko danginta, a duba abin da take ci tun tana amarya.