Ina Zanenmu Ya Shiga?

Ɗan ƙanena mai buga fasta da kwamfuta a Gusau ne ya tono wannan magana. Ya zo gaishe ni Bilbis, ya ce, "Baba, ashe zanen bangon mujalla na kusan kai dala miliyan biyar? To ku ina naku?"

Zanen Norman Rockwell yake nufi, wanda ya fito a bangon mujallar Saturday Evening Post ta Amurka ranar 29 ga Mayu, 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila. Wata ƙaƙƙarfar ma'aikaciyar masana'anta ce, Rosie, injin aikinta a cinya, burodi a hannu, ƙafarta ta take littafin Hitila. A 2002 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa, ya tashi a dala miliyan 4.9 da ɗoriya. Yarinyar da ta zauna aka zana kuwa dala 10 aka sallame ta da ita.

Kuɗin ba su dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne asalin zanen ya kai shekara 59 lafiya lau, har aka sami abin da za a ɗaga a yi tayi. Mu a nan, da zarar an fitar da bulon ɗab'i, zane ya zama shara.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon sojan Bama ne. A hannunsa na fara, muna zana zaki da dawisu a bayan manyan motocin da ke jigilar auduga da gyaɗa daga Gusau, kafin ya ja ni wata maɗaba'a a Kaduna. Shi ba ya yarda ka taɓa tawada sai ka gama da shuɗin fensir, don kyamarar masu bulo ba ta ganin shuɗi. Zane kuma a yi shi ya fi girman da za a buga, in an rage shi rawar hannu ta ɓace. Inuwa fa? Farantin tutiya bai san toka-toka ba, baƙi ne ko fari. Sai ka duƙa ka yi ta ɗiga ɗigo da bakin alƙalami tun hantsi har la'asar, don kuncin mutum ɗaya ya fito. Ka matse layuka da yawa, takardar jarida ta sha tawada ta haɗe su, fuska ta koma gawayi. Ya kan ɗaga aikinka ya runtse ido ɗaya, in ya ce "sake", ba ƙari.

Da ya ambaci Bama kuwa aiki ya tsaya. Ya ce a can, in Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso, mai karatu ɗaya ne zai karanta, saura su kewaye shi, amma hoto kowa na karanta abinsa. Jaridar da aka fara a Zariya a 1939 ke nan, Abubakar Imam na edita. Sunan Imam kowa ya riƙe, kuma ya cancanta. To wa zai iya kawo sunan mai zane ɗaya na littattafan da muka karanta a firamare? A Ikko aƙalla Akinola Lasekan yana sa "Lash" a ƙasan zanensa a West African Pilot. Mu manajanmu cewa ya yi sa hannu yana ɓata shafi.

Shekarar da aka sayo sababbin injuna, aka ce a share sito. Kwalayen zanen maigidana, har da na sojoji suna haye kogi da kaya a ka, a kilo aka sayar wa masu tsire da ƙosai. Farantan kuma 'yan gwangwan suka kwashe. Yaran yanzu da ke sauko da hoton wani daga intanet su manna a fasta suna kiran kansu masu zane, ban ga laifinsu sosai ba, tunda ba a bar musu abin gani ba.

Kasuwa dai akwai ta. Tutu, zanen Ben Enwonwu, ya tashi a fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, bayan an tsince shi a wani gida a can.

Duk wanda mahaifinsa ya yi aikin ɗab'i a Zariya, Kaduna ko Gusau, don Allah ya buɗe tsohuwar adakar nan kafin gara ta riga shi. In ya ga farin kwali mai alamar shuɗin fensir a gefe, ya rubuta sunan mai zanen a bayansa, ya kai Arewa House a Kaduna.