Yadda Gadar Sama Ta Hau Kan Shataletalen Roadblock

Jalingo ta fara ne a matsayin sansanin yaƙi na Sarkin Muri Muhammadu Nya, wajen 1893, daga baya ta zama fadar masarautar. Har zamanin Jihar Gongola, hedikwatar ƙaramar hukuma ce kawai, kuma babban titin da ya taso daga Yola ya bi ta Numan ya nufi Wukari a gefen gari yake ratsawa. Inda hanyar cikin gari ta haɗu da shi, nan ne Roadblock.

Al'amura sun sauya ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Taraba ta mai da Jalingo babban birninta. Ma'aikata suka kwararo, 'yan kasuwa suka biyo sahu. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun kai kimanin 140,000, sannan aka kafa jami'ar jihar a 2008. Unguwanni suka tsallaka titin, ya koma tsakiyar jama'a.

Daga nan shataletalen ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa. Tirela mai shanu za ta kudu, tankar mai za ta Yola, ga Keke Napep da suka cika gari bayan hana acaɓa a 2012, kowa sai ya zagaya da'ira ɗaya. Direban babbar mota na lallaɓa kwana, mai keke ya cusa kai ta gefen tayarsa, 'yan kamasho na kiran fasinja, masu talla na bin tagogi da ruwan leda. Mota ɗaya ta lalace, an shiga uku.

A zangon mulkinsa na biyu, Gwamna Darius Ishaku, wanda masanin zanen gine-gine ne, ya bai wa kamfanin Craneburg kwangilar mai da titin tagwaye, tsawon kimanin kilomita 18, tare da gadar sama a Roadblock, irinta ta farko a jihar. Dabarar ita ce raba tafiya biyu: mai wucewa ya hau sama ya miƙe, mai shiga gari ya bi ƙasa. Aikin ya ɗauki shekaru, masu shaguna da direbobi suka sha ƙura da zagaye.

Gadar ta raba matafiyi da ɗan gari, amma lodi da sauke fasinja da kasa kaya a bakin titi duk a ƙasa ake yin su. Wannan kuwa aikin tsara tasha da kasuwa ne, kankare ba ya maganinsa.